Sau Bakwai Ta Mutu Kafin Ta Dawo Gida

Jakar ledar ta zazzage a gabana, 'yan ƙananan ƙararrawa suka watsu a kan tabarma, wasu jajaye, wasu ruwan zinare, kowace da guntun zaren da aka datse da almakashi. Sai da suka gama gangarawa sannan ɗakin ya yi tsit.

"Ɗauki ɗaya," in ji Mama Yasue. "Kaɗa min in ji."

"Mama, don Allah ku..."

"Kar ki ce min Mama! Ɗauki ki kaɗa!"

Na ɗauki wata ja na kaɗa. Ƙarar ba ta kai ta kawo ba, amma sai na ga kafaɗun tsohuwar sun zabura, wuyanta ya juya wajen ƙofa da kansa kafin ta kama shi ta dawo da shi.

"Kin gani?" ta ce. "Haka nake yi. Sau ɗari a wuni haka nake yi. Daga jikin gada na yanko waɗannan da safe, kafin azahar yaranki sun sake ɗaura wasu. Iska na kaɗawa, ni kuma ina tashi da gudu in buɗe ƙofa kamar mahaukaciya. Shekara tara, Minori. Shekara tara ina koya wa kunnena ya daina jira, ke a sati uku kin rushe min."

Na kai goshina ƙasa. Shugo, ɗanta, mutumin da saura wata ɗaya mu zama miji da mata, yana durƙushe a gefe, ya dunƙule hannuwansa a kan gwiwa. Tun da muka shigo bai kalle ni ba. A bayansu hoton Fuyuka ne a wurin tunawa da mamata, da rigar makaranta, tana dariya da dukan haƙoranta, turare na ci a gabanta, ga lemo guda biyu a ɗan faranti.

"Ban yi don in cutar da ku ba," na ce. "Na rantse ban yi ba. Da za ku ga ƙarshen labarin..."

"Ƙarshe? Ni za ki nuna wa ƙarshe? Ni na je na gane gawarta a ƙarƙashin gadar nan. Na san ƙarshe!"

Ta miƙa hannu ƙarƙashin teburi ta jawo takardar rajistar aurenmu. Mun cike komai ni da Shugo tun watan jiya, ƙawata ta sa hannu a gurbin shaida na farko, muka bar wa Mama gurbi na biyu. Ba dole ba ne uwa ta zama shaida, ko mai gadi ka tsayar a hanya ya isa. Amma Shugo ya ce shi ba zai kai takardar ofis ba sai da hatimin mahaifiyarsa, ni ma a lokacin har wani daɗi na ji.

Ta turo min ita da ɗan yatsa ɗaya. Gurbin na nan fari fat.

"Ɗauki abinki. Wadda ta sayar da gawar 'yata a kanti ba za ta shiga zuri'armu ta Enomoto ba ina numfashi."

*

Ni marubuciyar wasan labari ce, irin wanda ake karantawa a kwamfuta da zane da muryoyi, kana isa mararraba ka zaɓi hanya, hanyar ta kai ka ƙarshenta. Kamfaninmu a Osaka yake, mu goma sha ɗaya a hawa na uku, saman wani shagon taliya. Wasanmu Tashar Hazo na farko shi ya fito da mu, labarin kisa a wani garin bakin teku. Shekara biyar masoyansa suna damunmu da kukan na biyu, da shugabanmu Tsujimoto ya tashi bayar da aikin sai ya ba ni.

Shugo kuwa direban jirgin ƙasa ne, ba ruwansa da duniyarmu. Kanae abokiyar aikina ce ta haɗa mu, 'yan gari ɗaya ne a Wakayama. Ranar farko ina tsaka da zuba masa bayanin aikina na ga idonsa na lumshewa.

"Barci kake yi ina magana?"

"Haba, ina ji. Wani ya kashe wani."

"Shi ke nan abin da ka fahimta?"

"To ba shi ke nan ba, 'yar rigima?"

Daga ranar sunan ya bi ni, zuciyata kuma ta bi shi. Sai da muka shekara biyu sannan wata Lahadi, muna zaune a bakin kogi muna cin abin da na dafo, ya ba ni labarin ƙanwarsa. Shekararta goma sha bakwai. Tana ɗaura 'yar ƙararrawa a igiyar takalminta na hagu, don uwarsu ta ji tahowarta tun daga gada ta ɗora ruwan shayi. Wata yamma ta sauka daga jirgi ba ta iso gida ba. An sami gawarta da takalmin a ƙafarta, ƙararrawar ce babu, wanda ya yi aikin kuma har yau ba a kama shi ba.

"Ni ya kamata in tarye ta a tasha," ya ce. "Na tsaya wasan ƙwallo. Tun ranar Mama ba ta sake ce wa kowa sannu da dawowa ba, har ni. In na ce na dawo sai dai ta gyaɗa kai."

Na rungume shi na yi kuka, kukan gaskiya. Amma ba zan ɓoye ba, mugun halin marubuci yana nan, ina kuka wani ɓangare na kaina yana ɗaukar ƙararrawar yana ajiyewa.

A labarina na sa mata suna Koharu. Mugun ƙarshe bakwai na rubuta, a kowanne ɗan sandan da mai wasa ke sarrafawa na bin sawun mai kisa, a kowanne Koharu na mutuwa. Sai wanda ya jure ya ga duka bakwai ɗin, in ya koma tashar jirgin da ke cikin labarin, zaɓi na uku ke fito masa wanda da can babu shi: Raka ta gida. Nan ne ƙarshen gaskiya. Ba a kama kowa, ba a faɗi sunan kowa. Ɗan sandan dai ya bar farauta ya taka mata har ƙofa.

Kyauta ce na yi wa Shugo, haka na gaya wa kaina. Dokar aikinmu ta hana nuna wa kowa rubutu kafin ranar fitarwa, ko uwarka ce, ni kuma na fake da dokar don na san in na tambaye shi zai iya cewa a'a. Wautata ita ce, duk mutanen da na sani ba sa ajiye wasa sai sun ga ƙarshen gaskiya. Na manta cewa sauran duniya ba ta da awa arba'in ɗin da ake buƙata kafin a kai can.

Satin farko aka rabu biyu. Wasu suka rubuta cewa sun yi kuka har sun kasa zuwa aiki. Wasu suka ce yaudara ce, labarin kisa babu makashi kamar miya ce babu gishiri, a dawo musu da marubucin farko. Wani ya yi bidiyon awa biyu yana zagina, har ya iya kwaikwayon yadda nake jera kalmomi. Duk wannan na shanye, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

A sati na biyu wani marar suna ya liƙa tsohuwar jarida kusa da zanen Koharu a kwance ƙarƙashin gada, ya rubuta sunan garin, da sunan yarinyar, da maganar ƙararrawa wadda ko jaridar ba ta sani ba. Masoya wasanninmu kuwa al'adarsu ce su je su ga wurin da labari ya faru da idonsu. Suka cika jirgin Wakayama da kyamarori. Wata baiwar Allah ta ɗaura ƙararrawa a jikin gadar don nuna alhini, ta ɗauki hoto, sauran suka bi.

*

Shugo ne ya rako ni tasha bayan Mama ta kore ni. Hanyar ta gadar ce, babu wata. Samari uku muka tarar suna ɗaukar hoto, ɗaya har ya kwanta a ƙasa yana gwada yadda zanen yake. Na ga jijiyar wuyan Shugo ta tashi, amma ya wuce da sauri ina binsa.

A dandamalin jirgi na kama hannun rigarsa.

"Shugo... ka yi min magana. Ko zagi ne."

"Me zan ce?"

"Ka ce ka tsane ni."

"Da na tsane ki ai da na huta." Ya zare hannunsa a hankali. "Mino, ni matata na ba labarin nan. Ban san akwai wata zaune a bayan idonki da alƙalami ba."

"Don kai na rubuta! A ƙarshen gaskiya ba ta mutu ba, masoyina, ta koma gida, an raka ta..."

"An raka ta." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wato abin da ban yi ba."

Wata goma sha takwas ina rubuta wannan ƙarshen, ban taɓa kallonsa ta wannan gefen ba ko sau ɗaya.

"Ba haka nake nufi ba..."

"Na sani. Ke ba kya nufin komai, 'yar rigima, kina dai yi ne." Ya duba agogo, halin direba. "Na ɗauki hutu a wurin aiki. Lokacin tsinkar lemo ne, Mama ba ta iya fita gona saboda masu hoto. Zan zauna da ita."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

"Mu fa?"

Jirgin ya shigo. Ya ɗauki jakata ya saka min a ciki kamar yadda ya saba, ya koma bayan layin rawaya na bakin dandamali ya tsaya.

"Ina sonki," ya ce, ƙofa na rufewa. "Shi ne abin da ya fi ba ni haushi."

Tun daga nan har Osaka kuka nake yi, takardar aure a ninke cikin jakata. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ɓare lemo ta miƙo min rabi ba ta tambaye ni komai ba.

*

Ban sha wahalar gano marar sunan ba. Mutum nawa ne a duniya suka san rubutuna suka kuma san takalmin Fuyuka? Na sami Kanae a saman bene tana cin abincin rana ita kaɗai.

"Ke ce."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni ce. Zauna mana, kin tsaya min a kai kamar mai gadi."

"Me na yi miki, Kanae? Don an ba ni aikin da kike so? Ko don Shugo?"

"Duka biyun, in kina son gaskiya. Tun ina aji uku nake kallon Shugo, na kawo shi cin abinci sau ɗaya kika ɗauke shi kamar naki ne." Ta ajiye tsinken cin abincinta. "Amma ba shi ya sa ba. Kujerar Fuyuka na gaban tawa a aji. Wata shida ina kallon furen da aka ajiye a kan teburinta. Sai ga ni zaune a taro, ke kina ta zaƙewa, a ƙara jini a nan, a sa ƙararrawar ta yi ƙara kafin ta faɗi, zai fi taɓa zuciya. Kin san sau nawa na fita na yi amai?"

"Me ya hana ki yi min magana?"

"Ke me ya hana ki yi masa magana?"

Na kauce wa tambayar.

"Amma kin san abin da kika jawo wa uwarta?" na ce. "Kin je kin ga gadar?"

Nan fuskarta ta canza. Ta kawar da kai, idonta ya kawo ruwa.

"Ke nake son a kama. Ban san za su je da ƙararrawa ba."

Mu biyu muka tsaya muna kallon rufin gidajen mutane. Na zo da niyyar in ci mutuncinta, na tarar da wata wawiya irina. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ranar Alhamis shugaba Tsujimoto ya saka baƙar kwat ya tsaya gaban kyamara, ni a gefensa, muka sunkuya muna ba jama'a haƙuri har sai da bayana ya ƙage. Kamfani ya yi alkawarin janye faya-fayan wasan da suka rage a kantuna, da tura gyara ta intanet ranar Litinin ta sama. Gyaran zai cire Koharu gaba ɗaya, da gadar, da ƙararrawar, da ƙarshen gaskiya. Duk kwamfutar da ta shiga intanet za ta karɓa.

"Ke za ki rubuta gyaran," in ji shi bayan an kashe kyamara. "Ke kika san inda kika binne komai. In kin gama ki huta. Wasa na uku Kanae za ta riƙe."

"Hutun kwana nawa?"

Ya gyara gilashinsa ya kawar da kai, na gane hutun babu dawowa ne.

Kwana tara na yi ina goge yarinyar layi bayan layi. Ban kira Shugo ba, shi ma bai kira ba. Abinci sai dai in tura don kar in faɗi. Ranar da na zo kan layinta na ƙarshe na daɗe ina kallonsa, sannan na danna na share, na je banɗaki na wanke fuskata.

*

Ranar Asabar da hantsi wayata ta yi ƙara. Sunan Shugo na gani, na ɗauka da sauri.

"Mino." Muryarsa a dishe. "Mama ta ce ki zo. Ki taho da takardar."

"Yaga ta za ta yi?"

"Ban sani ba. Ki dai zo."

Gadar babu kowa da na iso, hukumar gari ta kafa allo ta hana ɗaura komai. A ƙofar gida akwatunan lemo ne jere har sama. Shugo ya rame, gemu ya fito masa. Ya tare ni a wurin cire takalmi ya yi ƙasa da murya.

"Na sayi faifan wasan ranar da kika tafi. Na ce sai na ga abin da kika yi mata da idona. A mutuwa ta uku na kasa, na rufe kwamfutar na fita gona. Da na dawo na tarar da Mama zaune a gabanta."

"Mama?!"

"Ta ce in nuna mata inda ake dannawa. Na ce ba za ta iya gani ba. Ta ce ita da ta ga na gaske, zane ba zai kashe ta ba." Ya share ido da bayan hannu. "Kwana goma sha ɗaya, Mino. Ta gama aikin lemo ta zauna. Duk mugun ƙarshen da ta gani sai ta tashi ta kunna turare, ta dawo ta ce saura nawa."

Ni na rubuta bakwai ɗin nan, na san abin da ke cikin na biyar.

Tana zaune a inda na bar ta, tsohuwar kwamfutar Shugo a kan teburi, gilashin karatu a hancinta. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Matso," ta ce. "Ba cizo nake ba."

Na matsa.

"Ke wace irin muguwa ce? Sau bakwai? Sau ɗaya bai ishe ki ba?"

"Ku yi haƙuri... haka tsarin yake. Sai an ga duka kafin hanyar ta buɗe."

"Tsarin banza." Ta juyo da kwamfutar yadda zan gani. Tashar ce da yamma, Koharu tsaye da jakarta, zaɓi uku a ƙasa. Yatsanta mai kaushin aikin gona ya sauka a kan na uku ba tare da ta duba ba, na san ba yau ta fara ba.

Muka kalli ɗan sandan yana tafe a bayan yarinyar. Suka haye gada. Ƙararrawar na kaɗawa a hankali, tana ƙara kusantowa. Ƙofa ta buɗe.

"Mama, na dawo," in ji Koharu cikin sanyin murya.

Mama ta danna ta tsayar.

"Nan kika yi ƙarya," ta ce.

"Na'am?"

"Wannan 'yar mai ladabi ba 'yata ba ce. Fuyuka tun daga gada take ihu. Ta banko ƙofa, ta yi jifa da takalmi ɗaya gabas ɗaya yamma, ta ce, 'Tsohuwa, yunwa za ta kashe ni, me kika dafa?' Ko ba haka ba, Shugo?"

"Haka ne," ya ce daga bayana, yana dariya yana kuka. "Har ta ci nawa."

"Da kin zo kin tambaye ni da na gaya miki. Da na kore ki da tsintsiya tukuna, amma da na gaya miki." Ta cire gilashin ta ajiye. "An ce jibi za ku goge ta."

"E. Na riga na rubuta gyaran."

"Ke da hannunki?"

"E, Mama."

Wannan karon ba ta hana ni kiranta haka ba.

"Ku goge," ta ce. "Ku cire ta daga gidajen mutane, ba 'yar kallo ba ce. Amma wannan..." Ta dafa kwamfutar da tafin hannu. "Shugo ya ce in ba a haɗa ta da intanet ba, gyaranku ba zai same ta ba. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"To na sa ya cire wayar intanet ɗin, na kuma ɓoye ta inda ba zai gani ba. Wannan tawa ce."

Hawaye suka ɓalle min, na kasa tare su.

"Daina min kuka a kan tabarma, sabuwa ce. Kawo takardar."

Na miƙa mata da hannu biyu. Ta warware ninkin, ta shafe ta da gefen hannu, ta rubuta sunanta a hankali. Sannan ta jawo 'yar jakar hatiminta, ta dangwala shi a jan tawada, ta tsaya da shi a sama.

"Ki saurare ni da kyau, Minori. Ban yafe miki ba. Wataƙila sai na mutu ban yafe ba. In na ji ƙararrawa zan tuna da ke, ba kuma da alheri ba."

"Na sani."

"'Yan sanda sun zo gidan nan shekara tara. 'Yan jarida sun zo. Kowa tambayarsa ɗaya, wa ya kashe ta. Ni ma ita nake yi har na tsufa." Muryarta ta karye. "Babu wanda ya taɓa tunanin ya rako min ita gida sai ke."

Ta danna hatimin. Ya ɗan karkace, amma ya fito ja sosai.

Shugo ya durƙusa kusa da ni, ya lalubo hannuna ya riƙe gam, a gaban mahaifiyarsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ni ma ban gama fushi ba, 'yar rigima," ya raɗa min.

"Ka yi ta yi. Ina nan."

"Ba aikin yi gare ki yanzu, ko?"

"Babu."

"To akwai lemo akwati sittin a waje."

Muka tashi za mu fita. Na juyo zan ja ƙofar ɗakin mai katako da takarda, sai na ga ta mayar da gilashinta, ta koma tashar, ta sake danna na uku. Ta gyara zama ta fuskanci allon kwamfutar, ta ɗora hannuwanta a cinya. Ƙararrawar ta taho daga gada.

"Mama, na dawo."

Na ji Shugo ya ƙame a bayana.

"Sannu da dawowa," in ji Mama. "Kin daɗe."